Shugaba Yana Barci

Asabar, 4 ga Mayu, 1996, da hantsi

Malam Babayo ya sake zuwa. Na ce masa Alhaji yana barci.

Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule, takalmansa kawai nake gani. Ya ce, "Hajiya Saudatu, barcin nan na Shugaba ya yi tsawo. Tun bayan Sallah ba mu sa shi a ido ba." Na ce gajiyar hanya ce, wanda ya raka tirelar shanu har Kudu ya dawo ai sai a hankali. Ya ce haka ne. Amma takalman ba su motsa ba.

Maganar kwalbati ce ta kawo shi. Bara ruwan da ke bi ta layinmu ya ci katangar maƙwabta, ya zo yana lasar gindin tamu. Shi ne mutanen unguwa suka kafa kwamiti, suka ba Alhaji shugabanci, Babayo mataimaki. An haƙa rami, an gina gefe da gefe, saura zubin sama. Ramin yana nan baki buɗe a ƙofar gidanmu. In damina ta same shi haka, ɗakin Alhaji ne farkon abin da zai tafi.

Na san Babayo ya so kujerar nan tun ranar da aka raba ta. Mai sayar da kayan babur ne, yana da lokacin zama da baki mai daɗi. Yau har ya ce in Shugaba bai da sukuni, shi zai iya riƙe masa. Riƙewa. Na ce duk abin da ake so a faɗa mini, in ya farka zan tambaye shi, a dawo bayan azahar a karɓi amsa.

Ba wanda zai ga Alhaji a haka. Mutumin da kasuwarsa gaba ɗaya a kan maganarsa take.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Alhaji bai ci ba. Fuskarsa a bango.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan azahar

Jalo birkila ya zo, wai yashi za a fara kawowa ko rodi. Ni da na yi shekaru ina koyar da 'yan aji uku, me na sani a kan rodi? Sai na ce Shugaba ya ce a tambaye shi tukuna: wanne ne in bai zo ba aiki zai tsaya, wa zai kawo shi, wace rana, kuma me zai iya hana shi kawowa?

Sai Jalo ya fara zuba. Ashe katako ne farko, sai rodi, sai a tara yashi da tsakuwa da siminti. Ya ce zubin sama ba a raba shi kwana biyu, in an fara da safe sai an kai ƙarshe, in ba haka ba zai tsage a mahaɗa. Ya ce ba leburori ake buƙata ba, gayya ake buƙata, maza masu yawa da kwanon sarki na ɗaukar kwaɓi. Na ce me ke ɓata irin wannan rana? Ya ce abu uku, ruwan kwaɓi ya yanke, ko abinci ya makara mutane su watse, ko sama ta sako a kan ɗanyen siminti.

Na ce ya dakata. Na shiga, na tsaya a ƙofar turaka gwargwadon tambaya da amsa. Alhaji yana zaune inda na bar shi tun safe. Na dawo na ce Shugaba ya ce kafinta ya fara gobe, kuma jibi da yamma Jalo ya zo da kansa ya faɗi inda aka tsaya.

Jalo ya ce, "Yau-yau ya ba da amsa?" Na ce eh. Ya ce, "To madalla." Ban ji daɗin madallar nan ba. Da Babayo suke shan shayi.

Laraba, 8 ga Mayu, la'asar sakaliya

Ranar kasuwa. Tun safe tireloli ke wucewa zuwa kara, kasuwar shanu. Duk wadda ta danna hon sai Alhaji ya toshe kunnuwansa ya faɗi wani suna da yake ta faɗa tun dawowarsa. Na rufe taga, na ƙure rediyo.

Yaran shagonsa na kara sun aiko, na ce ya tafi Damagum. Babayo ya zo, na ce yana barci. Sai da na dawo tsakar gida na tuna Babayo ma yana shiga kara ranar Laraba. Na sha jinin jikina. Daga yau ƙarya ɗaya zan riƙe.

Kullum da sassafe ina tura babur ɗinsa daga wannan kusurwar zaure zuwa waccan, in goge ƙurar kujera, don mai leƙe ya ga alamar an fita an dawo. Nauyi gare shi kamar saniya.

Jalo ya zo kamar yadda aka ce. Katako ya hau.

Juma'a, 10 ga Mayu, da hantsi

Mai tankar ruwa ya ce babu mai, layi ya kai kwana da kwanaki, ba zai yi alkawari ba. Gara shi, ya faɗi gaskiya da wuri. Na ce Shugaba ya ce a bar tanka. Kowane gida a layin nan ya ba da aron duro, a jera su bakin rami, 'yan garuwa su riƙa zuba kaɗan-kaɗan kullum har su cika.

Asta dillaliya na sa ta bi gidaje, don ba ƙofar da ba ta shiga da ƙunshin zannuwanta. Ta iya aiki, amma idonta ya fi ƙafarta yawo. Tana zaune tana nuna mini atamfa, wuyanta yana miƙewa wajen turaka. Ta ce, "Ikon Allah, Hajiya, ko tarin Alhaji ba a ji." Na ce ai lafiya ce ta sa. Ta ce, "Ƙanshin habbatussauda nake ji." Na ce ni ce ke mura.

Na ba ta saƙon tukwane ma. Ranar gayya kowane gida da mazansa za su fito, matan kan aiko da babbar tukunya da mudun gero tun kafin ranar, a haɗa a dafa wuri ɗaya. Maza sukan ce to a masallaci su manta kafin su sa takalmi. Mace ba ta fitar da tukunyarta sai ta tabbata mijinta zai zo ya ci daga cikinta.

Da ta fita na bi ta da ido ta tsagar ƙofa. Hagu ta yi, wajen shagon Babayo. Gidanta yana dama.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan azahar

Babayo ya zo da ranar gayya a bakinsa, wai Laraba ta sama, don ranar ce mai tifar yashi ke shigowa gari. Laraba. Ranar da duk namijin da ke da ƙafa a Potiskum yana kara ko yana kasuwar hatsi. Ko dai bai yi tunani ba, ko kuma ya yi tunani sosai, a kira gayya a ga ba kowa, a ce Shugaba ya gaza.

Na shiga na tsaya na fito. Na ce Shugaba ya ce tifa ta sauke kayanta Laraba, zubi kuwa Asabar, ashirin da biyar ga wata. Ya ce an gama, zai yi sanarwa a masallaci. Ya amsa da sauri har ya ba ni tsoro.

Ya ƙara da cewa, "A gaya wa Shugaba muna yi masa addu'a." Na ce addu'ar me? Ya ce ta gajiyar hanya.

Talata, 14 ga Mayu, da safe

Alhaji ya sha kunu rabin kofi. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana kallonsa kamar bai san na waye ba. Na yi kuka a bayan rumbu, inda ba a ji daga waje.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Rodi ya ɗauru. Duro sun kusa cika. Na sa an karɓo aron tamfol biyu daga direbobin kara, saboda abu na ukun da Jalo ya faɗa.

Tukwane sun fara shigowa. Na gidajen Kanawa 'yan'uwanmu sun zo, na ma'aikata sun zo. Na jera su a inuwa ina kallo, sai na ga duk na wannan gefen rami ne. Daga tsallake ko murfi ba a aiko ba.

Tsallake su ne mutanen Baba Zarami, manoman da muka tarar a nan, waɗanda kakanninsu suka sare wurin. Su ne masu ƙarfin ɗaukar kwanon sarki daga safe har yamma. Namu 'yan kasuwa ne, kwano uku za su ɗauka su tuna ana jiransu a shago. In tsallake ba su fito ba, babu gayya. Kuma da zarar ruwan shuka ya sauka, ba mai sake ganinsu sai kaka.

Na tambayi Asta. Ta ce ta isar da saƙo gida-gida, matan sun ce sun ji. Na ce to me ya faru? Ta ce, "Ni dillaliya ce, Hajiya, ba mai unguwa ba." Tana faɗa tana gyara ɗaurin ƙunshinta. Ta san wani abu.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Na tsare Babayo ta bayan labule. Na ce Shugaba yana tambaya, an gayyaci tsallake kuwa? Ya ce ya yi sanarwa a masallaci, kuma suna sahun gaba. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Sai dai Hajiya kin san su. Sanarwa a wurinsu labari ce, ba gayyata ba. Gayya sai mai aiki ya taka ƙafa da ƙafa ya kai goro ƙofar Baba Zarami, ya miƙa hannu da hannu. Haka Shugaba ya yi lokacin haƙan rami."

Na ce shi ya kai mana, ba mataimaki ba ne? Ya ce ya gwada, tsohon ya tambaye shi ko Ɗantala, wato Alhaji, ya bar gari ne. In mai aiki yana gari lafiyarsa ƙalau ya aiko wani, raini ne.

To ga tarkon. Ya san da wannan tun ranar da ya ce an gama. Ya bar ni na sa rana, na tara duro, na tara tukwane, sannan ya kawo ni bakin ƙofar da ba mai buɗe ta sai Alhaji. Ko Alhaji ya fito a gan shi, ko aiki ya rushe a hannunsa. Kowanne ya faru kujera ta Babayo ce.

Ko kuwa ni ce ban tambaya ba? Na tambayi Jalo me zai hana rodi zuwa. Ban tambayi kowa me zai hana mutane zuwa ba.

A'a. Ya sani.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan azahar

Na sayo goro fari, manya. Na fito wa Alhaji da farar shaddarsa, na sa masa hula, na fesa turare. Na ce tafiya ce kaɗan, ka miƙa, ka ce Asabar, mu dawo. Ya miƙe, ya biyo ni har tsakiyar gida, raina ya fara dawowa. Sai wata mota ta wuce a titi.

Ba zan rubuta sauran ba. Na share goron daga ƙasa na wanke shi. Hular tana bayan gado.

Talata, 21 ga Mayu, la'asar

Na nemi izininsa, bai ce a'a ba. Na ja mayafi na tsallaka ta kan katakon Jalo zuwa gidan Baba Zarami. Matarsa Uwa na tarar tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa ƙaƙƙarfa, Hausarta da nauyin harshensu.

Ta ce, "Lale, 'yar Kano. Yau hanya ta ɓace miki?" Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na kwance goro na ajiye gabanta. Ta dube shi, ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Na waye?"

Na ce na Alhaji ne, na gayyar Asabar.

"Yana gari?"

Na ce yana gari.

"Lafiyarsa ƙalau?"

Na ce ƙalau, gajiya ce.

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "To 'yata, mai lafiya ƙafarsa ke kawo goronsa. Marar lafiya kuwa ba a karɓar goronsa, zuwa ake yi a duba shi, aikinsa kuma ya zama namu. Ke kika san wanne ne a gidanki. Ni ban sani ba."

Ta sani. Yadda ta ƙi kallona ma ya isa. Wa ya gaya mata? Asta, ko Babayo, ko Jalo da ke aiki jikin tagarmu. Na naɗe gorona na taso. Har ƙofa ta rako ni, ta cika mini gefen mayafi da gyaɗa, wai a kai wa mai gajiya.

Laraba, 22 ga Mayu, da yamma

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Na ji ƙanshin ƙasa daga wani wuri. Tifa ta sauke.

Alhamis, 23 ga Mayu, da hantsi

Tun asuba nake zagaya tukwanen nan. In na yi shiru, sunan Alhaji yana nan a kara yadda ya bar shi, ramin kuma yana nan yana jiran ɗakinsa. In na yi magana, magana ta fita ke nan, ba ta dawowa. Na leƙa shi. Bangon da yake kallo shi ne bangon da ruwa zai fara ci.

Na koma gidan Uwa ba tare da goro ba. Na ce mu shiga ɗaki. Na faɗa mata, tun daga ranar da direban tirelar ya kawo shi ƙofar gida ba takalmi, ba ya cikin hayyacinsa. Sau ɗaya na faɗa, ba zan sake faɗa a nan ba.

Ba ta yi salati ba, ba ta riƙe baki ba. Ta ce, "Yana cin abinci?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Ke fa?" Nan ne na kasa riƙe kaina.

Na roƙe ta kada ya wuce ita da Baba. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin bakin mutane ba, nata kawai take da iko da shi. Na dawo ina jin kamar na bar zanena a can.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Baba Zarami ya yi sallama da kansa. Bai tambaya ko ana barci ba, ya ce a yi masa iso. Na buɗe labulen da na yi mako uku ina tsaro.

Ya shiga turaka da sandarsa, ya zauna a ƙasa kusa da Alhaji, shi ma ya juya fuskarsa ga bangon. Ina tsaye a ƙofa ina jiran tambayoyi. Bai yi ko ɗaya ba. Sun daɗe a haka su biyu. Da zai tashi ya dafa gwiwar Alhaji ya ce, "Ɗantala, gobe muna ƙofar gidanka. Kai dai zauna."

Kafin la'asar tukwanen tsallake suka fara shigowa a kan 'yan mata, baƙaƙe, manya, kowace da geronta. Na raba aiki tun yau. Uwa ke da murhu, Asta ke da rabon abinci, ba mai taɓa ludayi sai ta ce. Duk wadda ta ajiye tukunya sai na duba idonta ko zai tafi wajen turaka. Babu wadda idonta ya tafi. Wannan ma ya dame ni. An gargaɗe su ke nan, kuma ba a gargaɗin wanda bai sani ba.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan magariba

Na gaji, amma sai na rubuta.

Sun fito tun rana ba ta yi zafi ba. Ta tsagar ƙofa na ga layi biyu, masu kai kwano cike da masu dawo da shi, tsallake da namu a cakuɗe. Kunu ya fita a kan lokaci. Jalo yana tsaye kan katako yana ba da umarni.

Ana shirin kwaɓin farko sai iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Shebur suka tsaya. Na ji gardama ta tashi, wasu na cewa a bari sai an ga abin da sama za ta yi, kada a yi asarar siminti, wasu na cewa in an watse yau an watse ke nan.

Ina wajen murhu Asta ta taɓa ni ta nuna zaure da haɓa. Alhaji ne. Hayaniyar ce ta fito da shi, ko me, ban sani ba. Yana zaune a kan tabarmar zaure da rigar barci, ba hula, ƙofar waje a buɗe, duk wanda ke layi yana ganinsa. Na nufi zaure da sauri. Kafin in kai labule, Baba Zarami ya riga ya zauna a gefensa, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, kamar haka ake zama.

Sai ga takalman Babayo. Na ce a raina yau ranarsa ce, ga Shugaba ga jama'a, ba abin da ya rage sai ya yi tambaya da ƙarfi a ji shiru.

Ya durƙusa ya gaida Alhaji. Bai jira amsa ba. Ya miƙe ya juyo ga labule, ya rage murya. Ya ce, "Hajiya, hadari ne. Jalo ya ce in an fara yanzu ba tsayawa, yana iya rufewa kafin la'asar. In an fasa, gobe mutanen Baba suna gona. Me Shugaba ya ce?"

Na ce ga shi nan kusa da kai, ka tambaye shi mana.

Ya ce, "Hajiya, shekara nawa ina bin Alhaji. Ban taɓa kawo masa magana ya ce eh ko a'a a yini ɗaya ba. Kullum za a duba. Ranar da Jalo ya zo mini da amsa kafin shayinsa ya huce, muka san an yi canji a cikin gida. Muka ce a bar shi a haka, aiki yana tafiya." Ya dubi kusurwar zaure. "Babur ɗin ma ki huta da tura shi. Tayar baya ta sace tun makon Sallah."

Kunya da haushi suka taso mini tare. Na ce goron fa, me ya sa bai faɗa mini da wuri ba? Ya ce ya ɗauka tsohon zai karɓa daga hannunsa, kuskurensa ne, ya kuma ji nauyin ya zo ya ce mini ya sani.

Iska tana kaɗa labulen har ina ganin rabin fuskarsa. Mutane sun yi cirko-cirko da kwanoni a hannu. Ba inda zan shiga in tsaya in fito, wanda nake shiga wurinsa yana gabansu.

Na ce, "Na ce a zuba. A ware mutum huɗu su tsaya da tamfol, kada su yi wani aiki sai kallon sama. Abinci a kai musu kan layi, ba mai zama."

Ya juya ya ɗaga murya, "Shugaba ya ce a zuba!"

Yayyafi ya zo bayan azahar, aka ja tamfol, aka ci gaba a ƙarƙashinsa. Jalo ya shafe kwanon ƙarshe ana kiran la'asar.

Laraba, 29 ga Mayu, da yamma

Mutumin Damagum da ya shekara goma yana ba Alhaji shanunsa ya aiko, wai bana zai bi ta hannun wani, Allah ya ba da lafiya. Magana ta isa kara ke nan. Ba zan taɓa sanin bakin da ya kai ta ba. Zan iya cewa na Babayo ne, zan iya cewa nawa ne.

Babayo ya zo da maganar cike gefen kwalbati. Yanzu ba ya cewa a tambayi kowa. Har yanzu ban yarda da shi duka ba, na dai ba shi amsa.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwan gaske ya sauka yau, irin na bara. An cire katako tun shekaranjiya. Na tsaya a zaure ina kallon jan ruwa yana tahowa daga saman layi da kara da ledoji, ya zo ƙofar gidanmu, ya sunkuya ya shige ƙarƙashi, ya fita ta can. Katangarmu ko jiƙewar kirki ba ta yi ba.

Ban ji zuwan Alhaji ba sai da na ji numfashi a bayana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi magana, da muryarsa ta da, wadda na fara mantawa.

Ya ce, "Saude, Babayo yana jiran amsata a kan aikin nan."

Na ce an ba shi.

"Me na ce?"

Na ce, "Ka ce a zuba."

Ya dubi kwalbatin, ya dube ni. Ya ce, "Da wuri haka?"

Na yi dariya har na zauna a kan babur, hawaye yana zuba. Shi bai yi ba. Ya koma ciki, ya zauna inda yake zama. Amma da na kai tuwo ya juyo daga bangon ya karɓa da hannunsa, ya ci fiye da rabi.